Akwatin da Ke Bayan Shagon Abba

Ranar Asabar ce da hantsi Auta ta gangaro ƙarƙashin tsohuwar gadar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, jaka rataye a kafaɗa. Tun daga nesa ta hango wani dogon saurayi a durƙushe, hannunsa na hagu ya shige cikin ramin bango har gwiwa.

Yana jin takunta ya zare hannun da sauri, ya sunkuya kamar mai ɗaure igiyar takalmi. Abin da ya manta shi ne silifas ne a ƙafarsa.

"Sannu da ɗaurin takalmi," ta ce, tana danne dariya.

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ta, ya sosa ƙeya. "Yauwa, sannu. Wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"Me nake zato?"

"Ko ɓarawo, ko mahaukaci. Wata biyu ke nan mutane na zaɓa min ɗaya a ciki."

"Ni zatona akwati na uku kake nema. Da ka ɗan matsa..."

"Kar ki faɗa!" Ya toshe kunnuwa da yatsu. "Don girman Allah kar ki faɗa. Na yi alkawarin da kaina zan samo shi."

Auta ma'aikaciya ce a gidan adana kayan tarihi na garin. Can a ɗakin ƙurya akwai wasu baƙaƙen duwatsu guda bakwai, kowanne bai fi a ɗauka da hannu biyu ba, waɗanda leburori suka tono shekaru da yawa wajen haƙa harsashin wani gini. Jikinsu duk zane ne da ƙananan ramuka a jere, kuma har yau ba wanda ya san wa ya sassaƙa su ko me yake son faɗi. Masana sun zo sun auna sun tafi. Mutanen gari kuwa ko leƙa ɗakin ba sa yi.

Shi ya sa Auta ta ƙirƙiro wasa. Ta ɓoye akwatunan roba bakwai a wurare daban-daban. A cikin kowanne akwai kwafin dutse ɗaya da aka yi da siminti, da ɗan littafin sa hannu, da kacici-kacici. Wanda ya warware zai sami lambobi, ya zuba su a taswirar wayarsa, ta nuna masa inda akwati na gaba yake. Dokar wasan biyu ce: a mayar da komai yadda aka same shi, kuma kada a bari wanda ba ya wasan ya ga maɓoyar. Kowa da laƙabin da yake sa hannu da shi. Ita a shafin wasan na intanet sunanta Tsakuwa, kuma in ban da mutanen ofis ba wanda ya san haka.

Sai da saurayin ya ƙara minti goma yana lalube kafin yatsunsa su taɓa roba. Ya jawo akwatin, ya yi hamdala kamar wanda aka ce matarsa ta sauka lafiya. Ya zaro biro ya rubuta da hannun hagu: Bahago da Malam.

Ta san rubutun nan. Shi ne wanda ya rubuta a littafin akwati na biyu cewa Allah ya saka masa tsakaninsa da Tsakuwa, sannan a ƙasa ya ƙara da cewa wasa yake, Allah ya yi wa Tsakuwa albarka.

"A gidan tarihin nake aiki," ta ce. "Sabon littafi na kawo, wannan ya kusa cika."

"Kai! To kin san Tsakuwa ke nan?"

"An hana ma'aikata faɗa."

"Ba sai kin faɗa ba, na san kamanninsa. Tsoho ne mai furfura da gilashi a kan hanci, ya yi ritaya ya rasa wanda zai wahalar. Ki duba fa." Ya karanto mata takardar. "Wai in ƙirga ramukan da ke fuskar dutse na uku, in ninka da yawan ƙafafun gadar nan, in cire shekarar da ke rubuce a ƙofar tasha. Mai tausayi ba zai yi haka ba."

"Zan gaya masa," ta ce, dariya na cin ta.

Kafin su rabu ya ce sana'arsa gyaran famfo, kullum yana yawo cikin gari, ta ba shi lambarta ko da zai tarar ruwa ya shiga wani akwati, ya sanar da ofis. Ta dube shi, shi ma ya san ta gane, amma ta ba shi.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum, Malamar gidan tarihi. Ba akwatin da ya jiƙe. Na dai ce in gwada ko lambar tana aiki. Bahago ne, mai silifas."

Ta bar shi ya jira rabin awa, sannan ta mayar.

"Wa alaikumus salam. Tana aiki. Ka gai da Malam, ko wane ne shi."

Bayan sati uku ta ga Malam da idonta. Bahago ya rubuto mata cewa sun warware lissafin, ranar Asabar za su je akwati na huɗu a lambun shaƙatawa, in tana da sabon littafin da za ta kai. Ta je. Ta same su a kan benci ƙarƙashin wata babbar bishiya: Bahago da wani dattijo siriri mai sanda, hannunsa na dama kwance a cinya, gefen bakinsa ya ɗan karkace.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, amma idanunsa tas suke.

"Mahaifina ne," Bahago ya ce. "Shekara talatin yana koyar da lissafi."

"Da ɗaya," in ji Malam.

"Talatin da ɗaya."

Suka bar dattijon da kwafin dutsen yana jujjuya shi a tafin hagu, suka ɗan taka zuwa bakin famfon lambun. A nan Bahago ya ba ta labari. Bara Malam ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, yayyensa mata duk suna gidajen aurensu, saura su biyu a gida. Likita ya ce sai da motsa jiki da yawan magana, Malam kuwa ya juya wa bango fuska. Wata bakwai bai taka ƙofar gida ba. Ko tsofaffin ɗalibansa suka zo dubiya sai ya rufe ido, don kada su ji yadda harshensa ya koma.

"Ran nan na je gyaran famfo a gidan tarihinku, na ga takardar wasan a allon sanarwa. Na ɗauki hotonta kawai. Da na dawo gida na zauna kusa da shi ina ta fama da lissafin farko, da gangan ina faɗin amsar da ba daidai ba. Sau uku ina yi. A na huɗu sai na ji ya ce, 'Sakarai, ninkawa ake fara yi.' Rabon da in ji ya haɗa kalma huɗu tun kafin ya faɗi."

Ya buɗe famfon ya wanke fuska, ko da yake ba zafi ake ba.

"Ni nake zuwa in ɗauko masa hoto, shi yake warwarewa. Yau da kansa ya ce in kawo sanda. Daga inda mota ta ajiye mu zuwa bencin can da ƙafarsa ya zo. In na ga Tsakuwa, ban san irin godiyar da zan yi masa ba. Kullum sai na sa shi a addu'a."

Maganar ta zo mata har bakin harshe. Sai kunya ta rufe ta. Ta ga in ta ce ita ce, kamar ta miƙa hannu ne a zuba mata godiyar. Ta ce a ranta gobe za ta faɗa masa. Goben ta zama sati, satin ya zama wata biyu.

A cikin watannin nan ne Malamar gidan tarihi ta koma Autata, shi kuma ya koma Bahagona.

"Autata, yau ina kwance ƙarƙashin wani sink na wanke-wanke na tuna dariyarki, na saki sifana ta faɗo min a goshi. Ki san da cewa kin fara jawo min rauni a wurin aiki."

"Allah ya sawwaƙe, Bahagona. Ka riƙa tuna ni bayan an tashi aiki."

"Na gwada. Zuciyar ba ta bin agogo."

Amma a ofis al'amura ba su yi mata daɗi ba. Mataimakin darakta, wani mai ƙamshin turare da mota mai sheƙi, ya daɗe yana nuna yana son ta. Har gida ya taɓa zuwa ya gai da Abbanta, ita kuma ta ba shi haƙuri cikin mutunci. Tun daga lokacin ya fara cewa a taro wasan akwatuna shirme ne, ya zubar da darajar kayan tarihi, a rufe shi. Darakta ta ce Auta ta kawo rahoto a rubuce kan amfanin da wasan ya yi, kwamiti zai yanke hukunci ƙarshen wata.

Ta zauna ta rubuta yawan waɗanda suka sa hannu a littattafan, da 'yan makarantar da suka fara zuwa ganin duwatsun. Ta karanta ta ga bai isa ba. Sai ta ƙara shafi guda: labarin wani tsohon malamin lissafi da ɗansa mai gyaran famfo, da faɗuwar banɗaki, da juya wa bango fuska, duka. Ba ta sa suna ba, amma ba ta tambayi kowa ba.

A makon ne Bahago ya ce lokaci ya yi da zai zo ya gai da Abba. Ya zo ranar Lahadi bayan la'asar, cikin kaya masu guga, har da takalmi sau-ciki. Umma ta sa aka shimfiɗa sabuwar darduma a falo. Auta ta tsaya bayan labule.

Abba mutum ne mai shagon kayan gini, mai faɗin ƙirji da gajeren haƙuri. Ya shigo da fara'a, ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a iska.

"Kai ne?"

Bahago ya ɗago, fuskarsa ta sauya. "Abba, ina wuni."

"Ba kai na kama a bayan shagona wancan watan ba, hannunka cikin ramin bango? Na riƙe maka wuyan riga na ce me kake nema, ka ce ba za ka iya faɗa ba?"

"Ni ne, Abba. Wasa ne na gidan tarihi. Akwai akwatin da aka ɓoye a wajen, na je duba hanya ne ko mahaifina zai iya..."

"Wasa! Ƙato da kai, da gemu, kana laluben bangon mutane ka ce wasa? To wane mara kunyar ne ya ɓoye akwati a bangon shagona ban sani ba?"

"Ban san shi ba, Abba. Amma mutumin kirki ne."

Auta na bayan labule. Ita ta ɓoye akwati na biyar a can, don ta san kowane bulo na bangon tun tana yarinya, ba ta kuma gaya wa Abba ba saboda ta san zai hana. Taku biyu ne tsakaninta da falon. Amma ba ta fito ba.

"Tashi ka tafi," Abba ya ce. "Ban ce kai ɓarawo ba ne, ban kuma ce ba shi ba ne. Amma ba na ba da 'yata ga wanda ban gane kansa ba."

Bahago ya yi sallama cikin ladabi ya fita. Ko minti goma ba a yi ba saƙonsa ya shigo.

"Kar ki damu, Autata. Abba yana da gaskiya, ni ma da na ga kaina a ranar sai na kira 'yan sanda. Gobe zan je ofishinku in bar wa Tsakuwa wasiƙa, ko zai taimaka ya yi wa Abba bayani. Dattijo da dattijo sun fi jin maganar juna."

Ta rubuta amsa ta goge, ta rubuta ta goge. Ta yanke shawarar gobe da safe za ta tare shi a ƙofar ofis ta faɗa masa baki da baki. Da safen kuwa darakta ta aike ta wata makaranta da kwafin duwatsu. Bahago ya zo ya tarar da Mataimaki.

Mataimaki ya karɓi wasiƙar, ya juya ta, ya yi murmushi. "Tsakuwa? Ai kullum kuna tare. Ba ta gaya maka ba?" Ya jawo durowa ya ɗauko rahoton, ya buɗe shafin ƙarshe ya tura masa. "Kai ne mai gyaran famfon, ko? Labarin mahaifinka ya taɓa mu ƙwarai. Musamman wajen banɗakin."

Auta na cikin aji tana nuna wa yara dutse na biyu wayarta ta yi motsi.

"Na karanta rahotonki, Tsakuwa. Wata biyu ina ba ki labarinki, kina kallona. Jiya kina bayan labule aka kore ni saboda akwatinki. Wannan duk zan iya haɗiyewa. Amma mutumin da ya rufe ido don kada ɗalibansa su ga halin da yake ciki, shi kika shimfiɗa a teburin kwamiti. Don Allah ki ɗan bar ni tukuna."

Ta ƙarasa darasin, ba ta san me ta faɗa ba. Ta kira sau biyu bai ɗauka ba, ba ta sake kira ba. Da ta koma ofis ta shiga wajen darakta ta ce a cire shafin ƙarshe, ko da hakan zai sa a rufe wasan. Daga nan ta wuce shagon Abba kai tsaye.

Ta same shi yana auna wa wani ƙusa. Ta jira mutumin ya tafi, ta durƙusa tsakanin buhunan siminti.

"Abba, mara kunyar da ka tambaya jiya, ni ce."

Ta faɗa masa komai. Abba ya ture ƙusoshin gefe.

"Kika bari na ci mutuncin ɗan mutane a falona, kina tsaye?"

"Na ji tsoro, Abba."

"Tsoron wa? Ni na taɓa dukan ki?" Ya girgiza kai. "Kin ba ni kunya, Auta. Amma wannan bai sa na yarda da shi ba. Tashi ki tafi gida."

Kwana huɗu ba saƙo. Umma ce ta gaji da ganin ta tana jujjuya cokali a kofin shayi har ya huce.

"Ke wa kika yi wa laifi mafi girma, yaron ko uban?"

"Uban."

"To me kike jira a nan? Ɗauki mayafinki, ni zan raka ki."

Suka je da hantsi, lokacin da Bahago ke wurin aiki. Malam na zaune a baranda, ga sanda a gefe, ga takardu a cinya. Umma ta gaishe shi ta koma gefe. Auta ta durƙusa, ta fara magana, kuka ya ci ƙarfinta.

Malam ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya miƙo mata takardun. Rahotonta ne, Bahago ya taho da shi. An bi shafin ƙarshe da jan biro, da rubutun hannun hagu mai karkata.

"Kin yi... kuskure," ya ce. "Kin ce taku ɗari biyu na yi a lambu. Ɗari uku ne da goma sha ɗaya. Na ƙirga."

Ta ɗago da jiƙaƙƙen ido.

"Da farko na ji zafi. Ba zan ɓoye miki ba. Ya kamata ki tambaye ni." Ya huta, ya haɗiye yawu. "Amma ƙarya kika rubuta? Na faɗi. Na kwanta. Na tashi. Akwai irina da yawa a bayan ƙofofi. Ki mayar da shafin. Ki sa sunana."

"Malam, ka yafe min."

"Na yafe. Ni ne da godiya, 'yata." Ya ɗan yi murmushi da gefen bakin da ke motsi. "Amma lissafin akwati na shida... mugunta ce."

Umma ta fashe da dariya tana share ido da bakin mayafi.

Washegari da safe Abba na jera bokitan fenti a ƙofar shago, ya ji motsi a baya. Ya zagaya da saurinsa, ya tarar da dattijo mai sanda ya jingina da bango, hannun hagu cikin rami.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Uban ɓarawon ne," in ji Malam. "Na zo da kaina. Ka riƙe wuyan rigar a hankali, ba ni da ƙarfi."

Abba ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya kawo kujera, ya aika aka kawo shayi. Sun fi awa biyu a zaune, Malam na magana a hankali, Abba, wanda bai saba jiran kowa ya gama zance ba, yana jira. Ya ji wanda ke yi wa dattijon wanka da aski, da wanda ya sayar da babur ɗinsa ya sa ƙarfen dafawa a banɗaki da tsakar gida, da wanda ke fita aiki tun da sassafe don ya dawo kafin lokacin magani.

Duk da haka Abba bai yanke hukunci ba ranar. Mako guda ya yi yana bincike. Duk mai gyaran famfon da ya shigo sayen bututu sai ya tsare shi da tambaya. Ranar Juma'a ya dawo gida ya zauna, ya ce a kira Auta.

"Mutum tara na tambaya. Takwas sun yabe shi. Na taran ya ce yana ɓata musu kasuwa, wai in ya yi gyara ba ya sake lalacewa." Ya gyara zama. "Ki ce ya dawo. Ni zan fara ba shi haƙuri."

"Abba, ba ya ɗaukar wayata."

"Wannan kuma ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Ta shiga ɗaki ta rubuta.

"Bahago, ba na neman ka ce ban yi laifi ba. Na yi, har uku. Na ji kunyar godiyarka, na ji tsoron Abba, na ji tsoron a rufe wasan, kowane karo kai na bari ka biya. Ranar Asabar Malam zai zo akwati na bakwai. Zan kasance a wurin. In ka ce in matsa in ba ku wuri, zan matsa."

Amsa ba ta zo ba.

Akwati na bakwai a cikin gidan tarihin yake, ƙarƙashin bencin da ke fuskantar duwatsun na gaske. Ranar Asabar da hantsi suka shigo, Malam a gaba da sandarsa, Bahago a baya ya ƙi kallon inda take. Dattijon ya zauna ya tsura wa duwatsun ido ta cikin gilashi, kamar wanda ya haɗu da mutanen da ya daɗe yana jin labarinsu.

"Wani ne ya zauna ya yi wannan," ya ce. "Yana da abin faɗi. Allah ya ji ƙan sa, ko wane ne." Sannan ya kaɗa musu hannu. "Ku ba ni wuri. Ina ƙirga."

Suka tsaya a bakin ƙofar ɗakin, kowa na kallon ƙasa.

"Na yi fushi sosai," Bahago ya ce.

"Na sani."

"Abin da ya fi ba ni haushi, kullum bayan sallah na saba yi wa Tsakuwa addu'a. Kwanakin nan in na ɗaga hannu sai in tuna ke ce, in ce yau ba zan yi ba. Sai in ji bakina ya riga ni."

Ta rufe fuska da mayafi, ba ta san dariya take ko kuka ba.

"Abu ɗaya nake roƙo," ya ce. "Ki ɓoye akwati duk inda kike so a garin nan. Amma ni kar ki sake ɓoye min komai."

"Na yi alkawari, Bahagona."

"To shi ke nan, Tsakuwata. Ashe dai ba furfura."

Kwamiti ya karanta rahoton da gyaran jan biron a jiki, ya ce wasan ya ci gaba, har a ƙara akwatunan da mai keken guragu zai iya kaiwa. Mataimaki ya zo teburinta ya ce shi ma ya san bai kyauta ba. Ta ce ya wuce, kuma har ranta ta faɗa.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Jama'a ta cika layin: masu gyaran famfo, ma'aikatan gidan tarihi, tsofaffin ɗaliban Malam, da wasu baƙin fuskoki da suka riƙa gabatar da kansu da laƙabi, Mai-Keke, Gajere, Uwar-Biyu, duk 'yan wasan ne da suka ga sanarwa a shafi. Abba ya shirya doguwar nasiha tun mako guda. Da Auta ta durƙusa gabansa za ta tafi, ya buɗe baki ya ce, "Auta..." sai muryar ta ƙi fita. Ya dafa kanta kawai. Umma ce ta ƙarasa masa, ta ce su riƙe gaskiya a tsakaninsu, su ji tsoron Allah, su kula da dattijon nan.

Gidan nasu ɗaki biyu ne da Bahago ya gyara a gefen na Malam, ƙofa na kallon ƙofa. Bayan isha'i 'yan rakiya suka watse. Suka yi sallah raka'a biyu, suka daɗe da hannu a sama. Suna shafawa ta ji wani sauti daga kicin, ɗis, ɗis, ɗis.

"Bahagona, famfon gidan mai gyaran famfo ne ke zuba haka?"

"Na bar shi ne da gangan, don ki ga mijinki a bakin aiki."

"Ƙarya kake, mantawa ka yi."

"Mantawa na yi."

Wayoyinsu suka yi ƙara a tare. Saƙo ne daga Malam, wanda ke zaune taku goma daga inda suke.

"'Ya'yana, da hannun dama na rubuta wannan, minti arba'in ya ɗauke ni, kada wanda ya gyara min. Na gode wa Allah da ya bar ni na ga yau. Allah ya sa albarka a aurenku, ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Gobe ku zo mu karya tare."

Auta ta karanta har sau biyu, ta jingina kanta a kafaɗar mijinta.

"Amin," suka ce.